Ciwon Sukari da Ciwon Damuwa: Abin da Na'ura Ba Ta Aunawa

A duk lokacin da mai ciwon sukari ya je ganin likita, ko a Asibitin Tunawa da Sa Yahaya da ke Birnin Kebbi ko a Babban Asibitin Argungu, akan soki yatsarsa a auna sukari, a kuma gwada hawan jini. Idan aka ce masa "Yaya jiki?" sai ya amsa, "Da sauƙi, alhamdulillahi." To, amma shin akwai na'urar da ke auna halin da zuciyarsa ke ciki?

Tambayar tana da tushe a kimiyya. A shekarar 2001 wasu masana a Amurka suka tattara sakamakon bincike iri-iri, suka gano cewa yiwuwar kamuwa da ciwon damuwa ga mai ciwon sukari ta ninka ta sauran mutane sau biyu. Ciwon damuwa kuwa ba ɓacin ran yini guda ba ne. Cuta ce da ke danne zuciya har mako biyu ko fiye, ta raba mutum da sha'awar komai.

Dangantakar cututtukan biyu ta hanya biyu take. Ta farko a cikin jini: idan damuwa ta daɗe, wasu 'yan ƙullutai da ke saman ƙoda sukan yawaita fitar da sinadarin kotisol, wanda ke sa hanta ta ƙara zuba sukari cikin jini, ya kuma rage wa insulin ƙarfin aiki. Ta biyu a cikin ɗabi'a: mu ɗauki misalin manomin shinkafa a fadamar Rima, wanda aka ce ya rage tuwon da shi ya noma da hannunsa, ga tsadar magani, ga fargabar makanta ko yanke ƙafa. In damuwa ta rinjaye shi, sai ya bar shan magani, ya daina zuwa asibiti. Sukari ya hau, jiki ya ƙara lalacewa, damuwar ta ƙaru.

Abin da ke ɓoye cutar shi ne, kasala da rashin barci da canjin cin abinci duk akan ɗora su a kan sukari. Ga kuma kunya da zurfin ciki, da tsoron kada a ce mutum ya kasa haƙuri da jarrabawa. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma a nan fuska takan yi rowa. Sai an tambayi baki.

Saboda haka ne masana suka tsara takardar tantancewa mai suna PHQ-9, mai tambayoyi 9 da maki daga 0 zuwa 27. Wanda ya sami 10 ko fiye yana bukatar ƙarin bincike. Biyun farko ma kaɗai sun isa a fara da su: cikin mako biyun da suka wuce, sau nawa ka rasa sha'awar al'amuranka? Sau nawa ka ji ƙunci ko yanke ƙauna? Ba su bukatar lantarki ko allura. Sai dai mai karatu ya lura, tantancewa ba ita ce tabbatar da cuta ba. Wannan aikin likita ne. Wanda kuma ya ambaci tunanin mutuwa ko cutar da kansa, a gaggauta kai shi asibiti a ranar.

Cutar tana da magani, na sha da na tattaunawa da ƙwararru, kuma akwai Asibitin Tarayya na Masu Larurar Ƙwaƙwalwa a Kware ta Jihar Sakkwato. Wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2010 ya nuna cewa kula da damuwa da sukari a lokaci guda ya kyautata su duka biyun.

Don haka, ya kai ma'aikacin jinya, da ke mai jinyar miji ko mahaifi a gida, idan an ce muku "da sauƙi," ku ɗan dakata, ku sake tambaya.