Miyar wake irin ta Dominikan a tukunyar Agege

Abu na farko da ke rikita baƙon da ya sauka a Agege daga Arewa shi ne awo. Ya saba da mudu da tiya, sai ya tarar ana auna masa wake da derika, wato babban gwangwanin tumatirin De Rica wanda abin cikinsa ya ƙare, shi kuma ya zama ma'auni. Mai son da yawa a auna masa da robar fenti. Mai awon Bahaushe ne, waken ma daga gida ya taso, wataƙila ya ratsa ta Dawanau a Kano kafin ya kwana a bayan tirela. Amma da ya iso Legas sai ya sake suna, mai zaƙin nan ya koma oloyin, farashinsa ma ya sake.

Zaman Hausawa a Agege ba na jiya ba ne. Layin dogon da aka fara shimfiɗawa daga Legas a 1896 ya bi ta nan, ya isa Ibadan a 1901, bayan shekara goma ya kai Kano. Gonakin goron yankin suka jawo fatake, masaukinsu ya zama Zango, zangon kuma ya zama gari. Har yau Bahaushen da aiki ya jefa Legas yakan fara tambayar Agege, balle ga Ikeja da filin jirgin sama a maƙwabta. Tun farkon 2024, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya mayar da wasu sassansa Legas, hukumar kula da filayen jiragen sama ta FAAN ita ma ta koma da hedikwatarta can, maganar canjin wurin aiki ta zama ruwan dare a ofisoshin Abuja. Wanda abin ya faɗa a kansa yakan tarar da gida biyu a wuyansa, albashi kuwa ɗaya ne.

A cikin shekarar ce kuma wake ya nuna wa mutane cewa shi ma yana da daraja. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa a watan Yunin 2024 farashin kilo ɗaya na jan wake ya ninka fiye da sau uku idan aka kwatanta da Yunin 2023, ya haura naira 2,000. A watan Yuli aka sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Farashin ya sauko daga baya, amma magidanta ba su manta ba. Abin kunya ne a ce hakan ya faru a ƙasar da ta fi kowace ƙasa noman irin wannan wake a duniya, wadda maƙwabciyarta Nijar ke bi mata.

Tambayar da ke gaban uwar gida ita ce yadda derika ɗaya za ta ciyar da mutum shida. Girke-girkenmu na wake ba su cika taimakawa a nan ba. Ƙosai yana shan mai, alale yana cin lokaci, garau-garau ba ya tafiya sai da mai da yaji, faten wake kuma waken ne gaba ɗaya a cikin kwano. Ewa agoyin da ake tallarsa a kowane lungu na Agege, wanda sunansa ya samo asali daga mutanen da suka zo da shi daga wajejen Benin da Togo, daɗinsa na cikin miyar barkono da albasa da aka soya a manja har ta yi baƙi, kuma manjan ba kaɗan ba ne. Muna da miyar wake, Yarabawa na da gbegiri, sai dai su na tuwo da amala ne, kuma sai an surfe waken an dafa shi ya narke. Miyar da za a bar ƙwayar wake a cikinta, a zuba a kan farar shinkafa, da mai cokali biyu kacal, ita ce ba mu saba da ita ba. A wani tsibiri da ke hayin tekun Atilantika kuwa, ita ce abincin kowace rana.

Jamhuriyar Dominikan tana yankin Karebiyan, ta raba tsibirin Hisfaniyola da Haiti, mutanenta na magana da Sifaniyanci. Babban birninta, Santo Domingo, shi ne mafi daɗewa cikin biranen da Turawa suka kafa a nahiyar Amurka waɗanda har yau ake zaune a cikinsu, kuma tun farkon ƙarni na 16 aka fara kai bayi daga Afirka ta Yamma gonakin raken da ke kewaye da shi. Abincin ranarsu suna kiransa la bandera, ma'ana tuta: farar shinkafa, miyar wake da ɗan nama. Miyar ita ce habichuelas guisadas, wato dafaffen wake mai romo. Bahaushe ba zai ji baƙunta a teburinsu ba. Idan suka haɗa shinkafa da wake a tukunya ɗaya sai su ce moro, mu kuma mu ce wake da shinkafa. Abin da ya kama a gindin tukunyar shinkafa suna kiransa concón, suna kankare shi su ba wanda suke ji da shi. Ƙanzo ke nan, ba wani abu ba.

Akwai bambanci guda da ya kamata a sani tun kafin a ɗora tukunya. Waken da suke amfani da shi, ja ko mai ɗige-ɗige, wanda kwarin San Juan na ƙasarsu ya yi suna wajen nomansa, ɗan asalin nahiyar Amurka ne, ba jinsi ɗaya ba ne da namu na Afirka. Ya fi namu girma da taurin fata. Ana samun danginsa a manyan kantuna, jan nan mai siffar ƙoda, busasshe ko na gwangwani. Wanda ya sayi busasshen dole ya jiƙa shi ya kwana, ya zubar da ruwan, sannan ya bar shi ya tafasa da ƙarfi na aƙalla minti 10 kafin ya rage wuta, domin ɗanyensa na ɗauke da wani sinadari mai sa amai da gudawa wanda zafin tafasa ne kawai ke kashe shi. A ganina wannan wahala da tsada ba dole ba ce. Oloyin na yin aikin, ya fi saurin nuna, kuma zaƙinsa na tafiya da kabewa.

Kabewa ce sirrin miyar. Mutanen Dominikan suna jefa yankan wata kabewa tasu mai suna auyama a cikin waken, ta dahu ta narke, ta ba romon kauri da launi. Irin aikin da kabewa ke yi mana a miyar taushe ke nan, don haka ba sai an koya wa kowa ba.

Na gwada girkin a gidan ƙanwar mahaifiyata a Zango, da kayan da ban yi tafiyar minti goma ba wajen haɗa su: wake kofi 2, kabewa kamar tafin hannu, albasa babba ɗaya, tafarnuwa ƙwaya 4, koren tattasai ɗaya, tumatirin gwangwani cokali 2, man gyaɗa cokali 2, gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Su suna sa origano da ganyen koriyanda. Tayim da ke kowane shago yana maye gurbin na farko, na biyun kuma na musanya shi da ɗan ganyen ɗaɗɗoya. Ƙamshin ya bambanta da nasu, amma bai ɓata komai ba.

Da farko a tsince waken a wanke, a dafa shi da ruwa zalla har sai ƙwaya ta murƙushe tsakanin yatsu biyu ba tare da ta fashe da kanta ba. Oloyin kan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya, gwargwadon daɗewarsa a ajiya. Kada tumatir ya kusanci waken a wannan mataki. Tsami na hana wake laushi, kuma wanda ya yi gaggawar zuba shi zai ƙona gas ɗinsa a banza. Idan ya nuna a tsame shi, a ajiye ruwan a gefe. Wannan ruwan da wasu ke zubarwa a kwata shi ne rabin miyar.

Sai a ɗora wata tukunyar, a zuba mai, a soya albasa a kan wuta kaɗan har ta yi laushi, a bi ta da dakakkiyar tafarnuwa, koren tattasai da tayim. Wannan haɗin suna kiransa sazón, wasu su ce sofrito, kuma a nan ne mai haƙuri ke bambanta da mai gaggawa: ba a son albasar ta ƙone kamar ta ewa agoyin, ana son ta saki zaƙinta ne kawai. Daga nan a zuba tumatirin a juya shi minti biyu ko uku har ɗanyen warinsa ya fita. A juye waken a cikin soyayyen haɗin, a gauraya, sannan a zuba ruwan dahuwar da aka ajiye har ya sha kan waken da kamar gaɓar yatsa biyu. A jefa kabewar da aka yanka ƙanana, a sa gishiri da ɗanɗano, a rufe rabi, a bar ta tana ɓararraka a hankali minti 20 zuwa 25.

Lokacin da kabewa ta yi lugub, a ɗauki ludayi a danne ta a jikin tukunya tare da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waken, a bar sauran da ƙwayarsa. Nan take romon zai sauya, ya yi kauri kamar kunun da bai gama ɗaurewa ba. Ba a son ta daskare kamar fate, ba a kuma son ta yi tsululu. Idan aka zuba a kan shinkafa ta ratsa ta, ba ta taru a gindin faranti ba, to an dace. A ƙarshe a sa ganyen, a matsa ɗan lemun tsami bayan an sauke. A tuna cewa tana ƙara kauri idan ta huce.

Inna ta tsaya a kaina tun daga farko, kuma abu biyu ba su kwanta mata ba: ƙarancin man, da rashin attaruhu. A kan na biyun ta fi ni gaskiya. Mutanen Dominikan ba masu cin yaji ba ne, mu kuwa miya ba yaji kamar ba a gama ta ba. Attaruhu ɗaya da aka jajjaga cikin albasar ya daidaita zancen. A kan mai kuwa ban ja da baya ba, kuma da aka zuba wa mutum shida kowa ya samu ludayi biyu, har aka rage.

Wasu gidajen a can suna jefa naman alade mai hayaƙi don ƙamshi, kuma mai neman girkin a intanet zai ci karo da hakan. Ba sharaɗi ba ne, da yawa ba sa sawa. Ƙashin saniya mai ɓargo daga mayankar Oko-Oba, ko ɗan kifi banda, ya wadatar. Ko ba nama ma miyar ta tsaya da ƙafarta, tunda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne. Kanwa kuwa gara a bar ta. Tana rage lokacin dahuwa, amma tana dusashe launin miyar, tana kuma lalata wani ɓangare na sinadarin bitamin B da ke cikin waken. Jiƙa shi na awa biyu ko uku kafin a ɗora ya fi ta amfani.

Abin da ya fi duk wannan muhimmanci shi ne waken da aka sayo. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, musamman irin sinadarin da ke cikin Sniper, wanda wasu 'yan kasuwa ke zubawa a buhu don kada ƙwaro ya ci. Abin da Turai ta ƙi karɓa bai ɓace ba, cikin tukwanenmu ya ƙare. Akwai buhunan PICS masu leda biyu a ciki, waɗanda ke kashe ƙwaro ta hanyar toshe masa iska ba tare da magani ba, kuma sun daɗe da shiga kasuwannin Arewa da na Nijar. Mai saye na da ikon tambayar yadda aka adana waken, ya kuma shinshina shi. Wanda ke warin magani a bar shi, ko da ya fi sauƙi. Tsohon wake da ba ko huda ɗaya a jikinsa, aka kuma ce a buhun gargajiya ya kwana watanni, abin a yi masa kallo biyu ne. Tafasa shi minti biyar a zubar da ruwan farko na ragewa, amma ba ya mayar da gurɓataccen wake lafiyayye. Wanda ya yi hakan sai ya sake sabon ruwa, shi ne zai ajiye don miyar.

Legas ta daɗe da sanin hanyar da ke tsakaninta da wancan hayin teku. 'Yantattun bayin da suka dawo daga Brazil a ƙarni na 19 suka zauna a Popo Aguda, cikin tsibirin Legas, sun zo da frejon, baƙin wake da ake dafawa da madarar kwakwa da sukari, wanda zuriyarsu ke ci ranar Juma'ar da ke gaban Ista. A daidai wannan lokaci na azumin Kirista, gidajen Dominikan na dafa nasu waken mai zaƙi da madarar kwakwa, dankalin Hausa, kirfa, kanumfari da zabibi. Shi kansa burodin da ya ɗauki sunan Agege, ana danganta tushensa da Amos Shackleford, mutumin Jamaika da ya zo Legas a 1913 ya yi aikin jirgin ƙasa, daga baya ya buɗe gidan burodi a Ebute Metta har aka yi masa laƙabi da sarkin burodi.

Da wannan burodin muka ƙarasa ragowar miyar washegari. Ta kwana ta yi kauri, Inna ta ƙara mata rabin kofin ruwa ta ɗumama, ta yanko burodin da zafinsa daga mai talla. Ƙanzon shinkafar kuwa tun daren yara suka riga kowa.