Kauda-bara Ce ko Karkataccen Kai? Gaskiyar Magana a Kan Bakan Turawa da Kibiyarmu

Wani ɗan gajeren bidiyo ne ya tayar da gardamar. A teburin mai shayin da muke zama bayan isha'i a Unguwar Mu'azu, ta ɓangaren baifas, wani matashi ɗan sintiri ya miƙo wayarsa. Ga wani Ba'amurke a kan bishiya ya ja baka mai tayoyi sama da ƙasa, ya riƙe shi a jaye kamar ba komai, can ya saki. Dabba ta daka tsalle ta ruga, ba ta yi nisa ba ta kife. Kafin shayi ya huce kowa ya zama gwani. Wannan ya ce ai bakan nan ba ya kuskure, daidai yake da bindiga. Wancan ya ce sirrin duk yana cikin kan kibiyar mai rezoji, in aka samo shi aka ɗaura wa kyauronmu shi ke nan. Wani kuma ya ce duk kayan banza ne in aka haɗu da barewar da ke da kauda-bara. Wani dattijo da ya yi shekaru yana harbi a dazukan yamma da Kaduna, yanzu kuma gadi yake yi, yana gefe yana kurɓar shayinsa, bai ce uffan ba.

Tun daga sunan dabbar aka fara kuskure. Wadda ke cikin bidiyon ba barewa ba ce, ko da yake sun yi kama, kuma da sunan muke kiranta don ba mu da wani. Barewarmu da gada da gwanki ƙahonsu guda ne har mutuwa. Ita kuwa waccan, namijinta ƙaho mai rassa yake fitarwa, ya zubar da shi duk shekara, wani ya tsiro. Babu danginta a dazukan Afirka ta kudu da Sahara; sai can duwatsun Atlas na Tunisiya da Aljeriya ake samun wani nau'inta.

Batun riƙe baka a jaye ba gajiya kuwa gaskiya ne, ba haɗin kwamfuta ba ne. Wani mutumin jihar Missouri mai suna Holless Wilbur Allen ne ya ƙirƙiro bakan. Ya nemi rajistarsa a 1966, aka ba shi a 1969. Tayoyin nan ba zagayayyu ba ne sak, suna da ɗan doro, kuma ba a tsakiya aka kafe su ba. Da ka fara ja sai ka ji nauyi sosai, kilo 27 zuwa 32 a bakan farauta na manya, amma da tayoyin sun juya sai nauyin ya zube. A mafi yawan na yanzu kusan kashi 80 cikin 100 ne ke sauka, wato wanda ya ja kilo 32 bai fi kilo 6 da ɗoriya yake riƙewa ba. Shi ya sa yake da lokacin auna bara a tsanake, alhali mai bakan gargajiya in ya daɗe a jaye hannunsa rawa zai fara.

Amma cewa ba ya kuskure, wannan zuƙi ta malle ce. Wanda ya ɗora bidiyo ba ya ɗora ranar da ya dawo gida hannu rabbana. Kibiyar tana gudun kusan mita 90 a daƙiƙa guda, harsashin bindigar farauta ta zamani kuwa ya ninka haka sau da yawa. Ko a gasar duniya, inda allo ke tsaye cak ba ya motsi, mita 50 ake ba masu irin wannan baka. Maharban Amurka yawancin abin da suke kasarwa bai wuce tazarar mita 20 zuwa 30 ba, kuma sai sun yi kwanto a kan bishiya sa'o'i. Kwanton nan dai shi ne wanda kakanninmu suke yi a bakin mashaya.

Inda gizo ke saƙar shi ne kan kibiyar. Kawuna iri biyu suke da su: mai tsini kamar fensir, na koyo, da mai faɗi, mai reza biyu zuwa huɗu, na farauta. Nauyinsu ɗaya, galibi giram shida da rabi. Duk da haka mutum zai shafe watanni yana zuba mai tsini a tsakiyar allo, ranar da ya ɗaura mai faɗi sai ya ga ta sauka taki guda a gefe. Dalilin ba boyayye ba ne. Ka fitar da tafin hannunka ta tagar mota tana gudu a baifas: in ka miƙe shi sak iska ba ta damunsa, in ka ɗan karkata shi sai ta fizge shi sama ko ƙasa. Rezojin nan tafin hannu ne a gaban kibiya. In ta bar baka gindinta a ɗan karkace, mai tsini fukafukan baya za su miƙar da ita nan da nan, mai faɗi kuwa iska ta riga ta kama rezojin, gaba na ja nan, baya na ja can. Saboda haka mai cewa kai mai faɗi shi ke kawo dacewa ya juya zancen. Shi ne ma yake tona asirin bakan da ba a saita ba.

Saitin kuma aiki ne na haƙuri, irin na mai gyaran agogo. Da farko ana duba taurin sandar kibiyar, domin kowace kibiya tana lanƙwasa lokacin da tsirkiya ta tunkuɗo ta, ido ne kawai ba ya gani. In ta cika laushi ga ƙarfin bakan, wutsil-wutsil za ta fita. Sannan a ɗaure farar takarda a firam, a tsaya kamar mita biyu, a harba ta cikinta. In kibiya ta fita a miƙe, rami guda za a gani da 'yan tsagogin fukafukai kewaye da shi. In gindinta ya ɗaga, yagewar sama za ta yi. In ya karkata, sai ta yi gefe. Takarda ba ta san kara ba. Daga nan a koma kan ɗan ƙarfen da kibiya ke kwanciya a kai a jikin baka, a matsar da shi kaɗan, abin da bai kai milimita guda ba, a sake harbawa. A ƙarshe a ja baya mita 18 ko 20 a harba mai tsini da mai faɗi a wuri guda, a yi ta gyara har su sauka tare. Wani lokacin ma laifin ba na ƙarfe ba ne: tayoyin ne ba sa juyawa lokaci guda, ko kuma maharbin ne ke matse baka yana murɗa shi bai sani ba.

Su ma Amurkawan suna da tasu ji-ta-ji-tar. Akwai masu rantsuwa cewa dole rezoji su yi layi ɗaya da fukafukai, alhali abin da ke da muhimmanci shi ne kan ya zauna sak a kan sanda. Akwai kuma masu sayen kai mai naɗaɗɗun rezoji, waɗanda sai sun taɓa jikin dabba suke buɗewa, suna cewa ya raba su da wahalar saiti. Gaskiya ne iska ba ta kama shi sosai, amma ɓoye ciwo ya yi bai warkar ba: kibiyar da ta iso a karkace ƙarfinta na tsiyayewa gefe, ba ta nutsewa yadda ya kamata.

Ana cikin wannan bayani dattijon ya ajiye kofinsa.

"Yaro, miƙo min tsinken can."

Tsinken tsire ne wani ya yar. Ya kafa tsininsa a tafin hannunsa na hagu, ya murza shi da yatsu biyu na dama. Tsinken ya juya yana kaɗa kai kamar ɗan maye.

"Ka gani? Wannan ko barewa a ɗaure take ba zai same ta ba. Mu kafin mu sa kibiya a kwari sai mun yi mata haka. In ta yi rawa, a kai kyauron bakin garwashi a gasa shi kaɗan a miƙar, a ɗaga a duba da ido ɗaya. In ƙarfen ne ya zauna a karkace, a kwance jijiya a sake ɗauri."

"To Baba, kauda-barar fa? Ƙarya ce ke nan?"

"Ni ban ce maka ba. Amma duk wanda ya zo min da kukan an kauda masa bara, kwarinsa nake fara cewa ya zazzage."

Abin da ya yi da tsinken nan shi ne ainihin gwajin da Amurkawa suke yi, sai dai su a kan 'yan ƙananan tayoyi suke mirgina kibiyar suna kallon tsininta. Ni dai ba zan shiga gardamar laya ba, ba fagena ba ne. Abin da na sani shi ne karkacewar da ido da ƙyar yake gani a hannu, a mita 20 ta isa ta raba mutum da abincin darensa.

Akwai wata magana ta maharba da mutanen gari suke ɗauka almara ce, alhali gaskiya ce tsagwaronta: cewa dabba tana jin kibiya kafin ta iso. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa. A tazarar mita 30, ƙarar tsirkiya za ta kai kunnenta cikin abin da bai kai kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa ba, kibiyar bakan zamani kuwa sai ta ɗauki kusan sulusin daƙiƙa. A wannan ɗan tsakanin dabba na durƙusawa don ta zabura, kibiya ta wuce ta saman gadon bayanta. Har suna Amurkawa suka ba abin, suna kuma ɗaura 'yan robobi a tsirkiya don kashe ƙarar. In kibiya mai wannan gudu ana goce mata, ina ga tamu?

Wanda ya fi ba ni haushi a zaman shi ne mai cewa rashin gashi a gindin kibiyarmu alama ce ta ci-baya. Kowa da irin kiɗansa. A kusan duk jihohin Amurka doka ta hana dafi, don haka dabba zubar jini ke kashe ta, dole kai ya yi faɗi. Jihohi da dama ma sun ƙayyade kada faɗin ya gaza santimita biyu da 'yan kai. Faɗin nan shi ya wajabta manyan fukafukai da duk wancan saiti. Maharbin ƙasar Hausa ta wata hanya ya bi. Maƙeri ya ƙera masa siririn kai mai kunnuwa, da doguwar wutsiyar ƙarfe da ke shiga cikin kyauro. Nauyi duk yana gaba, ba wani faɗin da iska za ta kama, don haka a gajeren zango gindi bin kai kawai yake yi. Kunnuwa su riƙe, dafi ya ƙarasa. Da irin wannan kibiya maharban jama'ar Shehu suka tsayar da dawakin Gobir a Tabkin Kwatto a 1804. A Burmi ma, a 1903, ranar da Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, jagoran sojojin Turawa, duk da bindigoginsu.

Dafin kansa ba tsafi ba ne. Jigonsa 'ya'yan kwankwani ne, kuma zuciya yake kamawa. Wani likita, John Kirk, da ya bi Livingstone tafiyar kogin Zambezi, ya lura bugun zuciyarsa ya ragu bayan burushin haƙorinsa ya gogi irin wannan dafi a jaka. Zuwa 1885 Thomas Fraser na Edinburgh ya fitar da maganin ciwon zuciya daga dangin wannan tsiro. Masu cewa duk wanda ya ci naman da aka harba da dafi zai mutu sun yi ƙari: ta jini yake aiki, hanji ba ya tsotsarsa sosai, kuma maharba suna yanke kewayen raunin su zubar. Haɗarin ya fi yawa ga mai ƙujewa a hannu da ya je yana wasa da kwarin da ba nasa ba.

Shawarar da ta fi kowacce muni ita ce ta haɗa kayan Turawa da namu. Kai mai faɗi a kan kyauro marar gashi ba inda za shi sai inda iska ta ga dama. Kyauro a kan baka mai tayoyi kuwa neman asibiti ne. Kibiyoyin bakan na kabon ne ko alminiyam, an auna taurinsu da ƙarfinsa. Kara ba zai ɗauki wannan tunkuɗa ba, tarwatsewa zai yi, tsagin kuma hannun da ke riƙe da baka yake nufa. Ko sakin tsirkiya ba kibiya kan fasa bakan gaba ɗaya.

Sai kuma tambayar da ba wanda ya yi a teburin: me za a harba, a ina? Dajin Kamuku na Birnin Gwari gandun ƙasa ne tun 1999, farauta a cikinsa laifi ne, kuma tun 1985 akwai dokar tarayya da ke kare namun dajin da ke neman ƙarewa. Dattijon ya ce rabonsa da ganin gwanki da idonsa tun kafin a haifi mai wayar.

Matashin ya ɗauki tsinken ya kafa a tafinsa ya murza, ya faɗi. Ya sake, ya sake faɗuwa. Dattijon ya miƙe ya karkaɗe rigarsa, ya ce lokacin gadi ya yi, ya bar masa kuɗin shayi ya biya.