Ƙunar Shayi: Daga Bakin Famfo Zuwa Gaban Likita

Yau maganarmu a kan wani haɗari ne da ke cikin kowane gida, ba a kuwa ɗauke shi bakin kome ba, watau kofin shayi. A nan Ingila, inda ba a raba mutane da shayi safe da maraice, abin sha mai zafi shi ne kan gaba wajen ƙona yara ƙanana. Yaron da ya fara tatata ba abin da ya ke so kamar ya miƙa hannu ya jawo abin da ke bisa tebur, sai shayin ya kwararo masa a fuska da ƙirji da kafaɗa. Fatarsa kuwa ba ta kai ta babba kauri ba, har shayin da aka zuba tun minti 15 da suka wuce yana iya saɓule ta.

To, a ce abin ya auku. Yaro na tsala ihu, uwa ta ruɗe, uba na neman mabuɗin mota. Abin da zuciya ta kan fara rayawa shi ne a sungume shi a yi asibiti, ko kuwa a shafa masa man shanu, ko ɗanyen ƙwai, ko man goge baki, kamar yadda da yawanmu muka ga ana yi a gida. Ba wannan ne aikin farko ba. Aikin farko a tuɓe masa rigar da ta jiƙe, in dai ba ta manne da fata ba, a tara wurin ƙunar a bakin famfo, ruwa mai sanyi na zuba a kai har minti 20 cif.

Ga dalili. A shekarar 1953 wani likita na birnin Bamingam, Douglas Jackson, ya bayyana cewa ƙuna kashi uku ce. Tsakiyarta nama ne da ya riga ya mutu, bakinta ja ne kurum, zai warke da kansa. Amma tsakaninsu akwai wani yanki wanda jini ke tafiya a cikinsa da ƙyar, yana tsakanin rai da mutuwa, shi ne kuwa a ke kokawar ceto. Kowa ya san tukunya ba ta daina tafasa don an sauke ta daga murhu; haka zafi ya kan ci gaba da cin nama bayan shayin ya zube. Maiko sai ya rufe zafin a ciki, ƙanƙara kuma ta kan tsuke hanyoyin jini ta ƙara ɓarna. A 2020 aka buga wani bincike da aka yi a Ostareliya a kan yara 2,495, aka ga waɗanda suka sami ruwan nan na minti 20 ba su cika bukatar dashen fata kamar sauran ba. Ko an makara, ruwan yana da amfani har cikin sa'a 3 na farko.

Minti 20 da yaro mai kuka a hannu, wallahi sai ka ce shekara. Amma a daure, a rufa masa bargo a sauran jiki kada sanyi ya kama shi, a riƙa yi masa magana a hankali. Sa'an nan a shimfiɗa siririyar ledar nan ta rufe abinci a kan ƙunar, kada a ɗaure, kada kuma a fasa bororo. In ƙunar ta yi faɗi, ko numfashi ya canja, a buga lamba 999 tun ana bakin famfo. Yaro ƙarami kuwa, ko ƙunar ba ta da yawa, gara likita ya gani, balle in ta taɓa fuska ko hannu ko al'aura.

A sashen gaggawa na asibitocin Ingila ba a biyan ko kwabo, baƙo da ɗan gari duka ɗaya. Abin da ya kan ɓata wa iyaye rai shi ne jira, musamman in suka ga wanda ya zo bayansu an shige da shi. Ba raini ba ne. Tun zamanin yaƙe-yaƙen Napoliyon wani likitan sojan Faransa, Dominique Larrey, ya kafa al'adar fara duba wanda rauninsa ya fi tsanani, ko da kurtu ne, hafsa na jira. Yawancin asibitocin nan suna bin tsarin da aka shirya a Manchesta, mai launi 5: ja nan take, ruwan goro cikin minti 10, rawaya cikin sa'a 1, kore sa'a 2, shuɗi sa'a 4. Wannan buri ne, ran da aka cika maƙil a kan wuce haka. Nas ce ke fara dubawa, tana kuwa iya ba da maganin zafi tun kafin a ga likita, wani ma a hanci a ke fesa shi ba sai da allura ba. In yaro ya yi laushi ana cikin jira, a tashi a faɗa, kada a ji kunya.

Likita zai auna faɗin ƙunar. Tafin hannun yaron da yatsunsa kamar kashi 1 ne cikin 100 na fatar jikinsa. In ƙuna ta kai kashi 10 sai an yi masa ƙarin ruwa, don wurin da ya ƙone yana tsiyayar da ruwan jiki.

Saura abu guda wanda ya fi yi wa mutanenmu ciwo. Za a tambaye ka yadda abin ya faru, nas ta tambaya, likita ya sake tambaya: ƙarfe nawa, wa ke ɗakin, ina kofin ya ke? Uban da dama zuciyarsa ke tuhumarsa sai ya ji kamar an gurfanar da shi gaban alƙali. Kowa a kan yi wa tambayoyin nan, Bature da baƙar fata, gama wajibi ne a kansu su tabbata labari ya dace da rauni, saboda 'yan yaran da a ke cuta da gangan. A ganina ba abin da ya fi sauƙi kamar a faɗi abin yadda ya ke, har da man da aka shafa in an shafa, don likita ya san abin da zai wanke. Wanda Turancinsa bai nuna ba yana iya neman tafinta. In kuma ma'aikaciyar lafiya ta unguwa ta bugo waya bayan 'yan kwanaki, wannan ma bisa al'ada ne ga yaran da ba su kai shekara 5 ba.

Ƙunar da ba ta yi zurfi ba ta kan warke cikin mako 2. In yaro ya yi zazzaɓi, ko amai, ko ƙuraje suka feso masa bayan an koma gida, a mai da shi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.