Sola a gida: iyali su kwana ba hayaƙi

Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, ciyar da janareta ya koma kamar riƙe iyali na biyu. Kuma ba aljihu kaɗai yake ci ba. Hayaƙinsa na ɗauke da wata guba marar wari da ke kashe mutane cikin barci, musamman a gidajen haya inda ake shigo da shi ciki saboda tsoron ɓarayi.

Sola ba ta da wannan haɗari. Faranti biyu, batir da inbata sun isa fitilu, fanka da cajin waya. Firji kuwa, ga mai ajiye allurar ciwon suga, sai ƙwararre ya lissafa ƙarfin da ake buƙata. Batirin dai a ajiye shi inda iska ke shiga, nesa da hannun yara.