Shin Duk Dutse Ɗaya Ne a Idon Kyamara?

Wanda bai taɓa taka dusar ƙanƙara ba, idan ya kalli finafinan 'yan wasan zamiya, zai iya rantsewa cewa a wuri ɗaya aka ɗauke su duka. Farin dutse, shuɗin sama, sai wani ɗan tahaliki kamar ƙuda a kan faifai yana gangarowa, ko dai a kan siraran katakai biyu da ake kira ski, ko a kan faffaɗan allo guda. To me ya sa masu shirya waɗannan finafinai ke zuba maƙudan kuɗi suna tafiya Alaska da Japan da ƙarshen ƙasar Chile, alhali yawancinsu akwai duwatsu a bayan gidajensu?

Dusar ce ba iri ɗaya ba. Duk magini ya san bambancin kwaɓaɓɓiyar laka da busasshen yashi: ka maka laka a bango ta kama, ka watsa yashi ya zube. Duwatsun Chugach na Alaska suna daf da teku, don haka dusar da ke sauka a kansu mai danshi ce, tana mannewa a gangaren da ya kai digiri 50, inda busasshiya ba za ta zauna ba. Tana taruwa jere-jere kamar kunyoyin gona da aka jingina a tsaye, ɗan wasa ya bi ta kan kunya, dusar da ya tayar tana kwarara ta kwarin da ke gefensa. A mashigin Thompson, kusa da garin Valdez, abin da ke zuba a shekara yakan haura mita 12. A yankin ne aka yi gasar gangaren ganganci ta duniya a 1991, wadda Doug Coombs ya lashe, kuma tun daga lokacin 'yan fim suka mayar da wurin gidansu.

Tsibirin Hokkaido na Japan kuwa wani labari ne. Iska mai tsananin sanyi daga Siberiya ke ratsa teku ta kwaso danshi, ta sauke shi a matsayin dusa marar nauyi kamar tankaɗaɗɗen gari. A nan ba tsayin dutse ake nema ba. Cikin daji ake shiga, tsakanin bishiyoyi, mutum ya nutse har ƙirji, kyamara tana kusa da shi. A Alaska mai ɗaukar hoto yana can nesa, a wani tsaunin ko a cikin jirgi mai saukar ungulu. Wuri ne ke gaya wa darakta inda zai tsaya.

Ga kuma haske. Idan hadari ya lulluɓe sama, inuwa takan ɓace, tudu da rami su zama abu ɗaya a idon mutum da na na'ura. Shi ya sa a watannin Maris da Afrilu ayarin 'yan fim kan yi kwanaki a ɗaki a Valdez ko Haines suna duban sama, kuɗi na tafiya.

Sai dai ina da ƙorafi. Fim ɗin The Art of Flight na 2011, wanda ɗan wasan zamiya Travis Rice ya jagoranta da kuɗin kamfanin Red Bull, ya zaga Alaska da yankin Patagoniya na ƙarshen Chile da yammacin Kanada, kuma hotunansa sun yi kyau har ba a magana. Amma idan mutum ya gama kallo, da wuya ya tuna wane dutse ne na wace ƙasa. Jirgi ya ajiye ka a ƙololuwa, ka gangaro, ya ɗauke ka. Wurin ya zama labule kawai. Wani ɗan wasan, Jeremy Jones, ya ɗauki wata hanyar a fim ɗinsa Deeper na 2010: ya ajiye jirgi, ya kafa tanti a kan ƙanƙara, ya hau da ƙafa. Mai kallo yana haki tare da shi, kuma ya san dutsen kafin a sauko.

Wanda ya fi burge ni bai je ko'ina mai nisa ba. A fim ɗin All.I.Can na kamfanin Sherpas Cinema, shi ma na 2011, JP Auclair ɗan Kanada ya yi zamiyarsa ne a titunan Trail da Rossland da Nelson, ƙananan garuruwa a lardin British Columbia. Sama ta yi toka-toka. Dusar ta yi dauɗa, ta narke a wasu wuraren har kwalta ta bayyana, ƙarfen gefen katakansa yana gogarta yana fitar da tartsatsin wuta. Ya tsallake motocin da aka ajiye a ƙofar gida, ya bi matakala, ya ratsa bayan gidajen mutane. Babu wani darakta da zai zaɓi irin wannan dusa da gangan don kyawunta, amma ka ɗauke wannan wasa ka kai shi farin tsauni, babu abin da zai rage. Garin ne fim ɗin.

Auclair ya rasu a watan Satumba na 2014, tare da Andreas Fransson ɗan Suwidin, lokacin da dusa ta zaftaro musu a dutsen San Lorenzo da ke iyakar Chile da Ajantina, inda suka je ɗaukar wani fim. Ni dai idan aka ambaci sunansa, ba wannan dutsen nake gani ba, wancan jiƙaƙƙen titin ne da tartsatsinsa.