Keke Ya Yi Daraja, Wurin Ɗaure Shi Babu

Abu biyu ne suka mayar da keke kan titunan biranen Arewa. Na farko tsaro. A 2011 gwamnatin Borno ta hana hawa babur a Maiduguri saboda hare-haren Boko Haram, Kano kuma ta hana acaɓa a farkon 2013 bayan harin da aka kai wa tawagar Sarki Ado Bayero. Na biyu, wanda ya fi cizo, shi ne cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta haura 1,000. Kuɗin a daidaita sahu ya bi ta, sai malamin makaranta da ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci suka kakkaɓe kekunan da suka jingine.

Faɗuwar naira ta sa sabon keke da na hannu duk sun yi tsada. Abin da ke da tsada, ga sauƙin ɗauka, ga mai saye a shirye, dole ɓarawo ya sa masa ido.

Amma yadda ake kulle keke bai canza ba. Ɗan makullin nan da ke manne da kekuna irin su Phoenix tayar baya kawai yake hana wa juyawa. Ɓarawo ya saɓa keken a kafaɗa, ko ya jefa shi cikin a daidaita sahu. Siririyar waya kuwa filaya ta ishe ta. Abin da ke aiki shi ne sarƙa mai kauri da kwaɗo mai kyau, a zura ta cikin firam da tayar baya, a ɗaure a jikin ƙarfen da aka kafa a ƙasa.

To, ina ƙarfen? Nan ne laifin ya wuce na mai keke. Ƙofar masallaci, bakin kasuwa, harabar asibiti, da wuya ka ga an kafa ko bututu ɗaya don wannan, alhali aikin mai walda ne na yini guda da buhun siminti.

Ɓarnar ba ta tsayawa kan wanda aka yi wa sata. Sau da yawa ba shi da rasit, bai taɓa rubuta lambar firam ba, don haka ko an kama keken ba shi da shaida. Kuma kuɗin sabo ya fi ƙarfinsa, sai ya nemi mai araha wanda ba a tambayar asalinsa, kuɗinsa su koma hannun masu irin sana'ar da ta raba shi da nasa.