Mai Kira a Rawar Murabba'i da Sharuɗɗan Ɗauko Shi

A ƙasar Amurka akwai wata tsohuwar rawa ta jama'a wadda mutum takwas ke yi, maza huɗu da mata huɗu, kowane namiji da abokiyar rawarsa a damansa, su tsaya ta fuskoki huɗu suna duban juna har tsayuwarsu ta zama murabba'i, daga nan ne kuwa ta sami sunanta. Abin da ya bambanta ta da sauran raye-raye shi ne, masu yin ta ba su san takun da zai biyo baya ba, sai wani mutum da ke tsaye a gaba da makirufo a hannu ya ambata shi a kan kiɗa, su kuma su aikata nan take. Wannan mutum shi ake ce wa mai kira, kuma daɗin taron duka a bakinsa yake.

Asalin rawar daga Turai ne, daga raye-rayen ƙauyukan Ingila waɗanda John Playford ya tattara a littafi a 1651, da kuma rawar kwadiril ta Faransa, shi ya sa har yau wasu kalmominta Faransanci ne da harshen Amurkawa ya tauna, kamar dosido, wato baya da baya. Amma shi kiran kansa a Amurka ya tsiro, kuma masu bincike irin su Phil Jamison sun nuna cewa makaɗa baƙaƙen fata, waɗanda da yawansu bayi ne, suna cikin na farkon da suka riƙa faɗar taku da babbar murya domin mutanen da ba su je makarantar rawa ba. Ke nan tun asali saboda wanda bai iya ba aka ƙago kiran, wannan kuwa shi ne asasin maganata. Daga baya attajirin motoci Henry Ford ya raya tsofaffin raye-rayen, har ya fitar da littafi a kansu a 1926, malamin makaranta Lloyd Shaw na jihar Kolorado ya biyo da nasa a 1939, sa'an nan a 1974 masu kira suka kafa ƙungiyarsu, CALLERLAB, wadda ta tsara taku daraja-daraja, ta yadda ko a Japan ko a Jamus da lafazi ɗaya ake kira.

To, idan mutum ya yi nufin tara jama'a don biki ko walimar ma'aikata, alhali mafi yawansu ba su taɓa tsayawa a murabba'i ba, mas'alar da ke gabansa ita ce wane mai kira zai ɗauko. Masu kira iri biyu ne. Akwai gwanin kulob, wanda ya saba da mutanen da suka yi watanni suna haddace taku sama da sittin, yana sarƙa musu su yana warwarewa, suna jin daɗin wahalar. Akwai kuma wanda ya ƙware a taron dare ɗaya, wanda taku shida ko takwas sun ishe shi ya cika sa'a biyu ba tare da kowa ya ƙosa ba. A ganina na biyun nan shi ne abin nema, domin yawan ilmi daban, hikimar koyarwa daban, kuma mutumin da aka kunyata a gaban surukansa a minti goma na farko zai koma kujera, ba kuwa zai sake tashi ba.

Dubi yadda mai hikimar ke farawa. Ba ya yin doguwar huɗuba. Sai ya ce kowa ya kama hannun na kusa da shi a yi babbar da'ira, ya saki kiɗa, ya sa su zagaya hagu, su zagaya dama, su shiga tsakiya su fito, kafin su farga sun riga sun yi rawa. Sa'an nan ya raba su takwas-takwas, ya nuna wa kowa gurbinsa, wanda suke kira gida, ya taka da su sannu ba kiɗa. In wani dattijo ya miƙa hagu inda ake son dama, murabba'insa ya rikice, mai kiran ba zai ambaci sunansa ba, kuma ba zai tsayar da kiɗa ba; zai ce kowa ya koma gida, ya jinkirta kaɗan har su daidaita, ya ci gaba kamar dama haka aka tsara. Idonsa kullum yana kan murabba'in da ya fi rauni, da shi yake auna saurin kiransa.

Saboda haka wajibi ne mai taro ya tambaye shi tun da wuri ko ya saba da sababbin shiga, ya kuma gaya masa gaskiyar adadin baƙi da shekarunsu, domin in akwai yara da tsofaffi, ko lissafin bai cika takwas-takwas ba, zai tanadi rawar da'ira da ta sahu biyu don kada a bar kowa a zaune. A yi magana a kan daɓe, gama katako mai santsi kaɗan ya fi kafet da ciyawa sauƙin taku. A san ko zai zo da lasifikarsa da kiɗan da aka naɗa, ko kuwa za a ɗauko makaɗa da gogen Turawa da banjo, wanda shi ma asalinsa kayan kiɗan Afirka ta Yamma ne, dangin gurmi. A yanke lada da kuɗin hanya da tsawon lokaci a rubuce, a kuma bar masa sarari tsakanin zagaye da zagaye, don jama'a su sha ruwa, shi ma ya hutar da maƙogwaronsa.